Wasiƙun Malamai da Bishop-Bishop a Ƙarshen Daular Rum: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya shiga ajin tarihin ikilisiya, ko na tarihin Arewacin Afirka, ba ya daɗewa sai malami ya ce masa ya je ya duba wasiƙar wane zuwa ga wane. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da masu karatu don sha'awa suka fi maimaitawa a kan waɗannan wasiƙu. An sa musu lamba don a ji sauƙin komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Wane zamani ake magana a kai, kuma su wane ne mutanen?

Yawancin abin da za a tattauna ya faru ne tsakanin shekarar 350 da 430 Miladiyya, lokacin da Kiristanci ya riga ya tashi daga addinin da ake tsanantawa ya zama addinin fada. A ɓangaren masu rubutu da Latin akwai Agustin, wanda aka haifa a 354 a garin Tagaste, wato Souk Ahras ta Aljeriya a yau, ya kuma yi bishop a Hippo, wadda yanzu ake kira Annaba, har rasuwarsa a 430. Akwai Jerom, masanin harsuna da ya zauna a Baitalami daga 386 har ya rasu a 420. Shi firist ne, bai taɓa zama bishop ba, ko da yake masu zane sukan sa masa jar hular kadinal.

A ɓangaren masu Girkanci akwai Basil, bishop na Kaisariya ta Kapadokiya, wato Kayseri ta Turkiyya, da amininsa Giregori na Naziyanzus. Akwai Sinesiyus, mutumin Kurane a gabashin Libiya. Sai kuma malaman da ba Kiristoci ba, waɗanda suka tsaya kan addinin kakanninsu: Libaniyus, gwanin balaga na Antakiya, da Hifatiya, malamar lissafi da falsafa a Iskandariya.

2. Me ya haɗa bishop da malamin balaga har suke rubuta wa juna?

Makaranta ɗaya suka yi. Ɗan masu hali a wancan zamani yakan fara da malamin nahawu, ya haddace waƙoƙin Homa in Bagirke ne, ko na Birjil in ɗan Latin ne. Daga nan ya wuce wurin malamin balaga ya koyi tsara magana irin ta Dimostinis ko Sisero. Wannan karatu shi ne ƙofar aikin gwamnati da lauyanci, kuma ba a samar da wani na daban don 'ya'yan Kiristoci ba. Basil da Giregori tare suka yi karatu a Atina. Agustin kuwa shi kansa malamin balaga ne a Kartaj, da Roma, da Milan, kafin Amburos, bishop na Milan, ya yi masa baftisma a 387.

Saboda haka in bishop ya ɗauki alƙalami zai rubuta wa malami, ba baƙo yake rubuta wa ba. Tsohon abokin aji ne, ko tsohon malaminsa, ko wanda ke koyar da ɗan 'yar'uwarsa a yanzu. Sun san karin magana ɗaya, sun san baitin da za a jefa a fahimci nufi ba sai an fayyace ba. Wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta mamakin yadda mutanen da suka saɓa a aƙida suke yabon salon juna.

3. Tun da babu gidan waya, yaya wasiƙa ke isa?

Daular tana da tsarin aika saƙo da dawakai da zango-zango, amma na aikin hukuma ne. Sauran jama'a sai su nemi matafiyi: dikin da aka aika wani aiki, ɗan kasuwa, mai zuwa ziyara Urushalima, ko ɗalibin da zai koma makaranta. Sau da yawa ɗan saƙon ne ainihin wasiƙar, domin abin da ba a so a rubuta shi ake faɗa wa ya isar da baki. Tafiyar teku kuma takan tsaya cik daga wajen Nuwamba zuwa Maris saboda haɗarin hunturu, don haka amsar tambaya ɗaya tsakanin Hippo da Baitalami tana iya cin shekara.

Manyan mutane ba su cika rubutawa da hannunsu ba. Sukan yi shifta, magatakarda mai saurin hannu ya ɗauka, a gyara, sannan maigidan ya ƙara gaisuwar ƙarshe da hannunsa don a tabbatar daga gare shi ta fito. Takardar da aka saba da ita ita ce fafirus ta Masar. Akwai wata gajeriyar wasiƙa da Agustin ya aika wa mai ɗaukar nauyinsa, Romaniyanus, inda ya ba da haƙuri don ya yi rubutu a kan fata, ya ce fafirus ya yanke masa, allunansa na hauren giwa kuma ya riga ya aika da su da wani saƙo, yana roƙon a dawo masa da waɗanda ke can.

4. Wasiƙun sirri ne, ko an rubuta su don kowa ya gani?

Kusan dukkansu an rubuta su ne da sanin cewa wasu idanu za su gani. In wasiƙar babban malami ta iso, sai a tara abokai a karanta da ƙarfi, a yi sharhi a kan salonta, wani ya ara ya kwafa. Marubucin ma yakan ajiye nasa kwafin. Giregori na Naziyanzus da kansa ya tattara wasiƙunsa ya ba wa Nikobulus, jikan 'yar'uwarsa, ya haɗa masa da darasi: kada wasiƙa ta wuce buƙata a tsawo, ta fito sarai yadda mai ƙaramin karatu zai gane, ta kuma kasance da ɗan armashi ba tare da an cika mata ado ba.

Wannan shi ya sa gyara da aka yi wa mutum a wasiƙa yake da zafi fiye da yadda muke zato. Ba a kunne aka raɗa masa ba, a bainar jama'a aka faɗa. Tambaya ta 5 ta nuna inda hakan ya kai mutane biyu.

5. Mene ne asalin saɓanin Agustin da Jerom?

Abu biyu ne, sannan ɓatan wasiƙa ya zuba musu fetur. Na farko ya shafi wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura 2, inda Bulus ya ce ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya don ya janye daga cin abinci tare da waɗanda ba Yahudawa ba. Jerom, bisa bin Orijen da wasu malaman Girka, ya fassara cewa manzannin biyu shiri suka yi, faɗan na ganin ido ne don a koya wa jama'a darasi. Agustin ya ce sam. In aka yarda akwai ƙarya ko da mai amfani ce a wuri ɗaya cikin Littafi Mai Tsarki, to duk wanda wata aya ta yi masa nauyi sai ya ce ita ma irin wannan ce. Na biyu shi ne fassarar Tsohon Alkawari, wadda tambaya ta 6 ta ɗauka.

Agustin ya rubuta wasiƙar farko wajen 394 ko 395, yana firist bai kai bishop ba. Ya damƙa ta ga abokinsa Furofuturus, amma kafin ya tashi aka naɗa shi bishop na Sirta, wato Kustantin ta yau, bai jima ba kuma ya rasu. Wajen 397 Agustin ya sake rubutawa, wannan karon har da neman Jerom ya fito ya janye maganarsa. Wanda aka ba saƙon bai hau jirgi ba. Wasiƙar ta shiga hannun mutane a Roma da sauran Italiya, ana ta kwafa, har wani dikin mai suna Sisiniyus ya ci karo da ita a wani tsibiri na tekun Adiriyatik ya kai wa Jerom. Ka ga tsoho yana zaune a Baitalami, sai ya ji cewa shekara da shekaru ana karanta wata takarda da ke ƙaryata shi, shi da aka rubuta wa bai ko gan ta ba.

Jerom ya ɗauka da gangan aka yi, yaro ne ke neman suna da taka babba. Ya fara da cewa ba zai amsa ba sai an aiko masa kwafi mai sa hannu. Ya kira wasiƙar takobin da aka shafa wa zuma, ya kuma tuna wa Agustin da wani karin maganarsu, cewa gajiyayyen sa ya fi dasa ƙafa da ƙarfi. Agustin ya rantse bai rubuta wani littafi a kansa ya aika Roma ba, ya nemi gafara in ya ɓata masa, amma bai janye ko kalma ɗaya daga hujjarsa ba. Cikakkiyar amsar Jerom ba ta fito ba sai 404, kusan shekara goma bayan tambayar farko, kuma ya yi ƙorafin cewa saura kwana uku ɗan saƙon ya tashi aka matsa masa ya rubuta.

6. Da gaske ne an yi hayaniya a coci saboda sunan tsiro?

Da gaske ne, kuma Agustin ne ya ba da labarin a wasiƙarsa ta 403. A garin Oya, wato Tarabulus ta Libiya, wani bishop ya sa aka karanta littafin Annabi Yunusa daga sabuwar fassarar Jerom. Da aka zo kan tsiron da ya yi wa annabin inuwa, jama'a suka ji kalmar da ba ita suka saba ji ba tun kaka da kakanni. Tsohuwar fassara ta ce duma, Jerom kuwa ya sa sunan wani yaɗo mai hawa bango. Coci ya ruɗe, musamman Girkawan da ke ciki suka ce an yi wa nassi ha'inci. Bishop ya tambayi Yahudawan garin, suka goyi bayan tsohon karatu, dole ya mayar da kalmar don kada ya wayi gari ba shi da jama'a.

Abin da ke ƙarƙashin wannan ya fi tsiro girma. Ikilisiyoyi sun dogara ne da fassarar Girkanci da ake dangantawa da dattawa saba'in na Iskandariya, kuma daga ita aka yi tsofaffin fassarorin Latin. Jerom ya koyi Ibrananci ya koma tushe. Damuwar Agustin ta makiyayi ce: in masu Latin suna karanta abu ɗaya, masu Girkanci suna karanta wani, wa zai raba gardama, tun da masu jin Ibrananci a cikin Kiristoci ba su taka kara sun karya ba? Jerom ya amsa cewa tsiron ba duma ba ne, ba kuma ainihin wanda ya rubuta ba ne, wani ne mai faffaɗan ganye da ke tsayawa da kansa, Latin ba shi da sunansa. Masana da yawa a yau suna ganin zurma ce. Ya kuma yi zargin cewa Yahudawan Oya ko dai ba su iya Ibrananci ba, ko kuwa dariya suka so yi wa masu duma.

A ganina kowannensu yana da gaskiya a fagensa, shi ya sa gardamar ba ta tsufa. Duk kwamitin da ya taɓa sabunta fassarar da jama'a suka haddace ya san ba ƙamus kaɗai ke yanke hukunci ba.

7. To wa ya yi nasara, kuma sun shirya?

An raba. A batun Galatiyawa, ra'ayin Agustin ne ya zauna a ikilisiyar Yamma, kuma shi kansa ya lura a wata wasiƙa cewa Jerom, a littafin da ya rubuta a 415 kan mabiya Felajiyus, wani malamin da su biyun suke ganin ya kauce wa aƙida, ya sa Bitrus cikin waɗanda aka samu da kuskure. Jerom dai bai taɓa cewa "na janye" ba. A batun fassara kuwa aikin Jerom ne ya yi rinjaye sannu a hankali, ya zama ginshiƙin Bulgata, wato Littafi Mai Tsarki na Latin na ikilisiyar Katolika, wadda majalisar Tirent ta tabbatar a 1546.

Shiri kam sun yi, abokin gaba ɗaya ne ya haɗa su. A 415 Agustin ya aika wani matashin firist, Orosiyus, da wasiƙu biyu, ɗaya tana tambaya daga ina ran ɗan Adam yake fitowa. Jerom ya yaba, ya ce lokaci ya yi tsanani, bai amsa tambayar ba. A 416 aka kai wa gidajen zuhudunsa na Baitalami hari aka sa wuta, aka ɗora laifin a kan magoya bayan Felajiyus. Wasiƙunsa na ƙarshe zuwa Hippo cike suke da yabo. Har suka mutu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba.

8. Yaya mu'amala take tsakanin bishop da malamin da ba Kirista ba?

Ta fi yadda ake zato sauƙi, amma ba kullum ba. Libaniyus ya bar wasiƙu fiye da 1,500, yawancinsu na neman alfarma ga ɗalibansa, Kirista da wanda ba Kirista ba. Cikin waɗanda suka zauna gabansa akwai Amfilokiyus, wanda ya zama bishop na Ikoniya. Marubucin tarihi Sozomen ya ruwaito cewa da aka tambayi Libaniyus wa zai gaje shi, sai ya ce da Yohanna ne, in da Kiristoci ba su sace shi ba, yana nufin Yohanna Kirisostom, ɗalibinsa da ya zama shahararren mai wa'azi kuma bishop. Akwai kuma wasiƙu ashirin da 'yan kai tsakaninsa da Basil, inda Basil ke turo masa samarin Kapadokiya ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa ɗan'uwansa ya fi shi iya rubutu. Masana sun rabu a kan sahihancin wasu daga cikinsu, duba tambaya ta 13.

Mai ɗan yaji ita ce ta Maksimus, tsohon malamin nahawu a Madaura, garin da Agustin ya yi karatu yana yaro. Wajen 390 ya rubuto yana ba'a: yaya za a bar manyan allolin Rum a koma girmama shahidai masu sunaye irin Miggin da Namfamo? Sunayen na harshen Funik ne, harshen mutanen ƙasar tun zamanin Kartaj. Agustin ya mayar masa da cewa abin mamaki ne ɗan Afirka, yana rubuta wa 'yan Afirka, dukansu suna zaune a Afirka, ya manta kansa har ya raina sunayen ƙasarsu, alhali masana sun shaida akwai hikima mai yawa a littattafan Funik. Sannan ya juya ya lissafo masa sunayen wasu allolin Rum da suka fi ban dariya.

9. Ba a hana Kiristoci karanta littattafan masu bautar gumaka ba?

Wanda ya fara hanawa da doka ma ba Kirista ba ne. Sarki Juliyan, wanda ya yi zamani da Basil da Giregori a Atina kafin ya bar Kiristanci, ya fitar da doka a 362 da ta kai ga hana Kiristoci koyar da Homa da sauransu, bisa hujjar cewa bai dace mutum ya koyar da abin da bai gaskata ba. Mariyus Biktorinus, malamin balaga Kirista, ya ajiye kujerarsa a Roma. Dokar ba ta yi nisa ba, Juliyan ya mutu a yaƙin Farisa a 363, amma fushin da Giregori ya nuna a kanta ya isa shaida cewa bishop-bishop suna ganin wannan ilimi nasu ne su ma.

A cikin gida kuwa ra'ayi ya bambanta. Basil ya shawarci samari su yi kamar ƙudan zuma, su ɗauki mai amfani su bar saura. Jerom ya ba da labari a wasiƙarsa ta 384 zuwa ga Yustokiyum, wata budurwa 'yar Roma, cewa ya yi mafarki an gurfanar da shi gaban shari'a, aka ce masa shi mabiyin Sisero ne ba na Almasihu ba, aka yi masa bulala, ya rantse ya daina. Bai daina ambato su ba, tsohon amininsa Rufinus kuma bai bar shi ya manta da rantsuwar ba. Zuwa 601 iska ta juya: Fafaroma Giregori Babba ya rubuta wa Desideriyus, bishop na Biyen a ƙasar Faransa ta yau, yana tsawata masa don ya ji yana koyar da nahawu.

10. Me ya sa ake yawan ambaton Sinesiyus da Hifatiya?

Domin kusan duk abin da aka sani game da ajin Hifatiya daga wasiƙun wannan ɗalibi nata ya fito. Wasiƙunsa 156 suka rage, bakwai daga ciki zuwa gare ta, amsoshinta kuwa ko ɗaya ba ta tsira ba. A wata ya roƙe ta ta sa a ƙera masa wani bututu mai tsaga-tsaga na auna nauyin ruwa, ya siffanta mata shi dalla-dalla. A wata ya aika mata littattafansa biyu ya ce ba zai fitar ba sai ta amince. A wata ya turo samari biyu da aka ƙwace wa dukiya, yana so ta yi musu magana da manya. Da ya ziyarci Atina kuwa ya rubuta wa ɗan'uwansa cewa ba abin da ya rage wa Atina sai suna, kamar fatar dabbar da aka riga aka yanka, yanzu masu zuma ne abin alfaharinta.

Wajen 410 mutanen garin Tolemayis, a gabashin Libiya, suka zaɓi Sinesiyus bishop. Ya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙar da ya san za a karanta a gaban Tiyofilus, babban bishop na Iskandariya, ya jera sharuɗɗansa. Ba zai rabu da matarsa ba, ba kuma zai riƙa zuwa wurinta a ɓoye kamar mazinaci ba. Akwai koyarwar da falsafarsa ba ta bar shi ya ɗauka yadda jama'a ke ɗauka ba, har da tashin matattu. Ya ma yi kukan rabuwa da karnukan farautarsa. Duk da haka aka naɗa shi, ya kuma riƙe aikin da gaske, har ya fitar da gwamna Andaronikus daga ikilisiya saboda zalunci.

Ƙarshensa ba daɗi. 'Ya'yansa maza uku suka mutu, mahara daga hamada suka addabi ƙasar, ya yi shiftar wasiƙa daga gadon jinya yana kiran Hifatiya uwa, 'yar'uwa, malama. Ana ganin ya rasu wajen 413. A 415 wasu gungun Kiristoci suka kashe ta a Iskandariya, cikin rikicin da ke tsakanin bishop Siril da gwamna Orestis.

11. Me wasiƙun ke nunawa game da rayuwar makaranta?

Kishi tsakanin malamai, da iyaye masu neman hanya. Giregori ya sa Nikobulus a wurin wani malami, Stagiriyus, sai tsohon abokin karatunsa Yustokiyus ya ji haushi don ba a kawo masa yaron ba, dole tsohon bishop ya zauna rubuta wasiƙun lallashi. Libaniyus kuma kullum kukansa samari na guje wa balagar Girkanci suna tafiya Beirut karatun shari'a, ko Roma koyon Latin, don can ne aikin gwamnati yake.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta Diyoskorus, wani saurayi Bagirke da ya yi karatu a Kartaj. Wajen 410 ya aiko wa Agustin tarin tambayoyi a kan littattafan Sisero, ya ce a hanzarta don jirginsa na shirin tashi, kuma yana tsoron a tambaye shi a gida ya kasa a ce masa daƙiƙi. Agustin ya fusata: a ce bishop da al'amuran coci suka yi masa katutu ya ture su gefe ya koma malamin aji? Ya ƙara da cewa ko kwafin Sisero bai samu a Hippo ba. Bayan duk wannan faɗa sai ya zauna ya rubuta masa amsa mai tsawon ƙaramin littafi, ya bi tarihin falsafar Girka tiryan-tiryan.

12. Ban da gardamar ilimi, me suke cewa game da aikin coci na yau da kullum?

Nan ne wasiƙun suka fi nauyi. Agustin ya buƙaci bishop mai jin Funik don wani ƙauye, Fusala. Wanda aka shirya naɗawa ya janye ana gab da biki, babban bishop na lardin Numidiya kuma ya riga ya yi doguwar tafiya ya iso, sai Agustin ya miƙa wani saurayi ɗan wajen shekara ashirin mai suna Antoninus. Yaron ya zama azzalumi, yana ƙwace kayan mutane yana gina gidansa da su. Maganar ta kai Roma, Agustin ya rubuta wa Fafaroma Selestin cewa har ya yi tunanin ajiye muƙaminsa. A wata wasiƙar kuma ya shaida wa amininsa Alifiyus yadda fataken bayi ke kwashe mutane daga ƙauyuka, da yadda 'yan cocin Hippo suka kuɓutar da mutum wajen 120 daga hannunsu.

A Gabas, Basil ya naɗa Giregori bishop na Sasima a 372, wani ɗan zango mai ƙura a mararrabar hanya, don kawai ya tare wa abokin hamayyarsa na Tiyana wuri. Giregori bai taɓa kama aikin ba, amincinsu kuma bai koma kamar da ba. Wasiƙu uku da Basil ya rubuta wa Amfilokiyus kan horon masu laifi sun shiga dokokin ikilisiyoyin Otodoks har yau.

13. Yaya suka iso gare mu, kuma za a iya gaskata su?

'Yan zuhudu ne suka yi ta kwafa ƙarni bayan ƙarni, wani lokaci don koyarwar da ke ciki, wani lokaci don a koyi salon rubutu. Na Agustin kusan 300 ne, har da waɗanda aka aiko masa. Ba a gama ganowa ba ma: a 1975 wani masani daga Biyana, Johannes Divjak, ya ci karo da wasiƙu kusan 30 da ba a san da su ba a wani kundi a ɗakin karatu na Marsey, aka buga su a 1981. Labarin fataken bayi da mafi yawan bayanin Antoninus na tambaya ta 12 daga nan suka fito.

Wajen gaskatawa, a riƙe abu uku. Marubucin ko almajiransa ne suka zaɓi abin da za a ajiye. Sau da yawa murya ɗaya muke ji, kamar yadda ya faru da Hifatiya. Sannan 'yan makarantar balaga sukan ƙirƙiri wasiƙa da sunan manya a matsayin aikin aji, wasu kuma suka shige cikin na gaskiya, abin da ya sa ake tantamar wasu na Basil da Libaniyus. Mai karatun tarihin ƙasar Hausa ya san irin wannan taka-tsantsan: muhawarar Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Borno a kan jihadi, mafi yawanta ta hannun Bello ta iso mana, cikin Infaƙul Maisuri.

14. Al'adar ta mutu da faɗuwar Rum?

Ba ta mutu ba. Wanda ya fi farfaɗo da ita shi ne Irasmus na Rotadam, wanda wasiƙun da ya aika da waɗanda aka aiko masa suka haura 3,000. A 1516 ya buga wasiƙun Jerom a Basel, ya sadaukar da aikin ga William Warham, babban bishop na Kantabari a Ingila, wanda ke ba shi kuɗin zama. A shekarar ce kuma ya fitar da Sabon Alkawari na Girkanci da sabuwar fassarar Latin, aka yi masa irin caccakar da aka yi wa Jerom, sai dai wannan karon fassarar Jerom ce tsohuwar da ake karewa. John Fisher, bishop na Rochesta kuma shugaban jami'ar Kambirij, shi ya jawo shi koyarwa a can daga 1511 zuwa 1514, shi kansa kuma ya zauna koyon Girkanci da girmansa. Sarki Henri na Takwas ya sa aka fille wa Fisher kai a 1535.

15. Daga ina ya kamata mai sha'awa ya fara, kuma me ya sa lambobin ke rikitarwa?

A fara da gajeru masu labari: musayar Agustin da Maksimus, ta 16 da 17 a jerin Agustin, sai ta 105 ta Sinesiyus, sannan a shiga rikicin Baitalami da Hippo. Tsofaffin fassarorin Turanci na ƙarni na 19 suna nan kyauta a intanet, harshensu ya ɗan tsufa amma ana fahimta. Kafin a karanta kowace, a nemi shekararta da wanda ya kai ta, a tambayi kai ko amsar wace wasiƙa ce, domin kamar yadda tambaya ta 3 da ta 5 suka nuna, sau da yawa wasiƙu kan saɓa a hanya, mutum yana amsa maganar da ɗan'uwansa ya riga ya wuce.

Rikicin lamba kuwa ya zo ne daga cewa wasiƙa ɗaya tana cikin kundin mai aikawa da na mai karɓa, kowanne da lissafinsa. Wadda ke ɗauke da labarin Oya ita ce ta 71 a jerin Agustin, ta 104 a jerin Jerom. Doguwar amsar Jerom ta 404 ita ce ta 112 a nasa, ta 75 a na Agustin. Waɗanda Divjak ya gano kuma ana sa musu alamar tauraro bayan lamba don kada a haɗa su da tsohon jeri, don haka ta 10 mai tauraro, ta fataken bayi, daban take da ta 10 marar tauraro. In kana rubuta takardar jarrabawa ko kundin digiri, ka faɗi jerin wanda kake bi tun a shafin farko.